Abin da ke Cikin Buhun Taki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa sa a kashe ɗan mutane a kan hanyar Kebbe ba. Ko ni na so in manta, dangin mijina ba za su bar ni ba, don har yau in na shiga gidansu sai wani ya ƙame ya sara mini kamar ya ga babban soja.

Ni dama can matsoraciya ce. Tun ina gidanmu, in kaza ta yi fuffuka a bayana sai na yi salati. To da na haihu sai abin ya ninka. (Duk wadda ta taɓa riƙe jariri ta san abin da nake faɗi. Sai ki ga kamar komai na duniya don a cuce shi aka yi shi, tun daga ƙudan da ya sauka masa a baki har murhun tsakar gida.) 'Yar tawa sunan uwar mijina aka sa mata, shi ya sa Ummi muke ce mata, kuma a lokacin ko rarrafe ba ta gama iyawa ba.

Bikin ƙanwar mijina ne ya taso a Kebbe, inda iyayensa suke. Maigidana ya riga ni tafiya a babur saboda hidima, ya ce in biyo mota daga Tambuwal ni da Ummi. Yana ɗaure kaya ya juyo ya ce, "Ki fito da hantsi, kada la'asar ta iske ki ga hanya. Kuma ki buɗe ido." Shi ya faɗi maganarsa ya tada babur, bai san abin da ya dasa mini a zuciya ba.

Kowa ya san irin labaran da ake yi game da hanyoyinmu, ba sai na maimaita ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata maƙwabciyata, ta ba ni shi muna daka. Wai mutanen daji ba sa tare mota haka kawai. Sai sun sa nasu ya shiga a tasha kamar kowane fasinja, ya ƙare wa mutane kallo, sannan ya buga musu waya. Ban san inda ta samo wannan ba, ban kuma tambaye ta ba. Na dai haɗiye shi gaba ɗaya.

Don haka da na isa tasha, buɗe ido na yi da gaske. Na shiga ƙaramar bas, na samu wuri a layin tsakiya kusa da wata tsohuwa mai ƙullin daddawa a cinya. Muka gaisa, ta yi wa Ummi wasa, na ce mata Inna, ta ce mini ɗiyata. Hankalina ya fara kwanciya. Saura mutum ɗaya mota ta cika, kuma wurin da ya rage a gefena yake, ta bakin ƙofa.

Sai ga shi nan.

Saurayi ne siriri, da farar riga da hula, fuskarsa ba ta da laifin komai. (Wannan ma sai ya ƙara ba ni tsoro, don maƙwabciyata ta ce irin masu hankalin fuska suke zaɓa.) Yana rungume da wani abu a cikin buhun taki, an ɗaure shi tamau da igiya sama da ƙasa. Direba ya miƙa hannu zai karɓa ya sa a bayan mota tare da sauran kaya, yaron nan ya ja da baya kamar an kai masa wuta.

"A'a, direba, bar shi nan hannuna."

"Kai malam, wurin zama na mutane ne. Kawo in aza maka bisa buhunan ga."

"Don Allah bar shi. Ba ya son a danne shi."

"Ƙwai ne?"

Yaron ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, ya ja hularsa ƙasa, ya shigo ya zauna, ya tsayar da abin a tsakanin ƙafafunsa. Ni kuwa na bi buhun da kallo tun daga ƙasa har sama. Gindinsa da faɗi, sannan ya tsuke ya yi dogon wuya siriri. Tsawonsa bai fi daga ƙasa zuwa ƙuguna ba. Da mota ta faɗa ramin farko gwiwata ta buge shi, na ji tauri ƙam, kamar katako. A can ƙarshen wuyan kuma buhun ya ɗan yage, wani ƙarfe yana ƙyalli.

Jama'a, ku gaya mini. Abu mai gindin katako, da dogon wuya, da ƙarfe a baki, an ɓoye shi a buhu, mai shi yana zufa yana waige-waige. Me za ku ce?

Na sauko da Ummi daga baya na rungume ta a ƙirji, na lulluɓe ta da hijabi har sai da ta fara mutsu-mutsu. Na karanta duk abin da na haddace a makarantar allo, da ya ƙare na sake daga farko. Wani zai ce me ya hana ni tambayarsa? To ta yaya? Matar aure, a cikin mota, in juya in ce wa saurayin da ban sani ba, "Malam, mene ne a buhunka?" Ba a yi mini irin wannan tarbiyya ba. Ko kallonsa ma ta wutsiyar ido nake yi. Kuma in bindigar ce fa, in tambaye shi ya ce mini me?

Muna fita gari ya ciro waya. Ya kare bakinsa da tafin hannu, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya kashe. Ko kalma ɗaya ban ji ba saboda ƙarar mota, amma zuciyata ta cike mini duk abin da ban ji ba. Har na ga an sauke mu, an jera mu, an kora mu daji ba takalmi. Na ga an fizge Ummi daga hannuna. Na fara lissafin ko in jefa ta cikin gonar dawa ta taga, wataƙila wani manomi ya tsince ta ya rene ta. (Wallahi na yi wannan tunanin. Har na auna faɗin tagar da ido.)

Na zunguri Inna. Na kai bakina kunnenta na ce, "Inna, dubi buhun yaron ga."

Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan na ji hannunta ya damƙe cinyata. "Innalillahi," ta ce a hankali. "Ɗiyata, yi shiru. Kada ki bari ya gane mun gane."

Da Inna ta yi dariya ta ce ke banza ce, da shi ke nan. Amma tsohuwa mai furfura ta gani ta tsorata, to ni wa ce? Daga nan muka zama mu biyu, tana jan carbi, ina jan numfashi. Mutanen baya suna ta gardamar farashin gero, ba su san mun riga mun mutu ba.

Can gaba, a bakin wani ƙauye, akwai shingen 'yan sa-kai. Sun gitta gungume a hanya, suna zaune a inuwar darbejiya da bindigoginsu na toka da gora. Daga shingen nan kuwa sai wani yanki mai duhuwar itatuwa, wanda kowa ke yin shiru in an shiga. Direba ya rage gudu. Babbansu, wani ƙato mai layu a damtse, ya taso ya leƙo ta taga.

"Lafiya dai, direba?"

"Lafiya lau, Oga."

"To Allah ya kiyaye hanya."

Ya ɗaga hannu a janye gungumen. Na dubi yaron, na ga ya sunkuyar da kai, ya jawo gefen rigarsa ya rufe wuyan buhun. Na dubi gaba, na ga duhuwar itatuwan tana jiranmu. Na dubi Ummi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ko a gida sai an ce in ɗaga murya, ranar na yi ihun da na tabbata an ji shi har garin Jabo.

"Bindiga! Wayyo Allah, bindiga! Akwai bindiga cikin motar ga!"

Abin da ya biyo baya, ban iya jera shi daidai ba. Na dai san direba ya fita ya bar mota a kunne. Wani dattijo daga baya ya bi ta taga, ya faɗa gonar mutane, takalminsa ɗaya a mota ɗaya a ƙafa. Inna ta bi ta kaina ta fice, daddawa ta watse ko'ina. Kafin in gyara riƙon Ummi an fizge ƙofa, an jawo yaron nan ta wuyan riga, an kifa shi a kan ƙasa mai zafi. Wani ya kai masa gora a kafaɗa. Wani ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. Mutanen ƙauyen suka fara fitowa a guje, wasu da fartanya, wasu da tabarya, ana ta faɗin, "An kama guda! An kama guda!"

"Mi ke cikin buhun ga?" babban ya daka masa tsawa.

"Ba komi ba ne, wallahi ba abin cutarwa ba ne!"

"To buɗe!"

Sai yaron nan, fuskarsa a cikin ƙasa, ya faɗi maganar da ta kusa ƙarasa shi: "Don girman Allah, Oga, kada a buɗe gaban mutane. Mu koma gefe."

Taron ya ɗauki guna-guni. Na ji wani ya ce a bar ɓata lokaci. Ina tsaye a jikin mota, kuma a nan ne wani tsoro na daban ya fara shigata, wanda ya fi na farko sanyi. Hularsa ta faɗi, na ga ƙeyarsa, na ga yadda yatsunsa suke tonon ƙasa. Yaro ne ƙarami. Bai fi ƙanena ba.

Babban ya zare wuƙa ya yanke igiya. Kowa ya ja da baya. Ya kama gindin buhun ya zazzage a hankali. Wani tsohon zane ya fara fitowa, ya warware shi, sai ga wata 'yar aba mai ruwan ƙasa, sumul, tana sheƙi, da rami a tsakiyar cikinta, da tsirkiya jere a kan wuyanta. Ƙarfen da na gani yana ƙyalli, 'yan kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiyar ne. Yatsan babban ya goge ɗaya, ta ce tinnn.

Wuri ya yi tsit. Har kukan akuya ana ji daga cikin ƙauye.

"Wanga wane irin gurmi ne?" in ji babban.

Wani matashi cikin 'yan sa-kan ya matso yana danne dariya. "Jita ce, Oga. Irin ƙananan ga da anka fara yayi. Ɗan kawuna ma yana da irinta can garin Dogon Daji."

Ni jita na san ta, ba wai ban sani ba. Na sha ganinta a talabijin, amma wata ƙatuwar aba ce da ke rufe ƙirjin mutum gaba ɗaya. Wa ya gaya mini an yi mata ƙanwa?

Babban ya girgiza ta a kunnensa, ya leƙa ramin da ido ɗaya, ya shinshina. Sannan ya juyo. "Ina wadda ta yi kuwwa?"

Ba wanda ya nuna ni da hannu. Ba a ma buƙaci haka ba, don duk idanun wurin a kaina suke.

"Uwar ɗiya, wagga ce bindigar taki?"

Na nemi Inna da ido don ta taya ni, sai na same ta a durƙushe tana tsintar daddawa, tana faɗi da ƙarfi, "Ni tun farko na ce yaron ga bai yi kama da mugu ba." (Allah ya gafarta wa Inna. Har yau akwai shatin yatsunta a cinyata.)

Aka ɗaga yaron. Leɓensa ya fashe, farar rigarsa ta koma ja. Babban ya miƙa masa abarsa ya ce, "To buga muna, mu tabbata taka ce." Ya karɓa. Farko sai ƙara kawai take yi, ba kai ba gindi. Ya tsaya, ya goge jinin bakinsa da bayan hannu, ya murɗa kunne ɗaya, ya sake. Sai wani sauti ya fito siriri, mai taushi, kamar ruwa yana zuba a tulu. Ummi, wadda duk wannan tashin hankalin saboda ita aka yi, ta zaro kai daga cikin hijabi tana washe baki, tana miƙa masa hannu. 'Yan sa-kai suka fashe da dariya. Dattijon da ya bi ta taga ya dawo daga gona yana tambayar takalminsa.

Da a nan labarin ya ƙare da na gode Allah. Amma mota ɗaya ce, kuma kowa wurinsa ya koma. Na zauna, ya zauna a gefena, jitar a cinyarsa ba buhu. Muka shiga duhuwar itatuwan nan da nake tsoro, muka fita, ko ɓera bai gitta mana ba. Kaina yana ƙasa kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Sai na ji ya ce, a hankali, yana kallon gaba, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Na tsorata ki ke da ɗiyarki."

Shi ke ba ni haƙuri! Da ƙasa ta tsage a lokacin, da gudu zan shige.

Direba ne ya yi tambayar da ke bakin kowa. "To kai mi ya sa ka ɓoye ta kamar kayan sata?"

Yaron ya ce mahaifinsa malami ne, gidansu tun kakanni ba a san su da komai ba sai karatu. Ɗan gidan a gan shi da abin kiɗa, kamar ɗan maroƙa? Shi ya sa ya roƙa kada a buɗe a gaban jama'a, don bai san wanda zai gane shi ba. Ya ce a makarantarsu a Sakkwato samari da yawa sun koma wa ƙaramar jitar. Babbar ba ta hawa babur, ba ta shiga ƙarƙashin gado, kuma in ka taɓa ta duk unguwa sai ta ji. Wannan kuwa kana iya rufe ɗaki ka buga abarka. Abokansa ne suka matsa ya zo da ita, su ɗan sha kiɗa a ɗakin wani a bayan gari. Wayar da ya buga, su ya gaya wa ya taso.

"To ai yanzu asiri ya tonu," in ji direba.

"Nan dai ba wanda ya san ni," ya ce. "Alhamdu lillahi."

Muna isa Kebbe na goya Ummi, na ɗauki jakata, na kama hanya ko sallama ban yi wa kowa ba. Na yi nisa kaɗan na waiwaya, sai na gan shi a bayana, ya mayar da abar cikin buhu. Na ƙara sauri. Na karya kwana, ya karya. Na shiga layin gidan surukaina, ya shigo. A ƙofar gida maigidana yana tsaye cikin maza ana kafa rumfa. Ya gan ni ya yi murmushi, sannan ya dubi bayana ya washe baki gaba ɗaya.

"A'a! Ƙanen ango! Mota guda kunka shigo? Kai, mi ya samu bakinka?"

Ƙanen ango. Ɗan Malam, malamin da ya karantar da mijina tun yana yaro. Gidan da za a kai amaryarmu.

Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya ce, "Ƙofar mota ce ta buge ni, Yaya." Na shige gida ina hamdala a zuci, ina cewa Allah ya rufa asiri. Na gaida uwar mijina, na sha ruwa, na fara dawowa hayyacina. Sai na ji wata murya daga wajen murhu, inda mata suke girkin biki, muryar da na sani:

"Ke dai bari, 'yar'uwa! Yau mun ga tashin ƙiyama ga hanya. Daddawar ga da kuka gani, daga ƙasa na tsince ta. Wata yarinya ce… la! Ga ta nan ma!"

Ashe daddawar bikinmu Inna ta kawo.

Kafin magariba labarin ya gama Kebbe, ya kuma shiga zauren Malam. Ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba. Ina ta tunanin na sa an fasa wa ɗan mutane baki, na tona masa asiri wajen ubansa, wataƙila ma na ɓata tsakanin gida biyu tun ba a ɗaura aure ba. Washegari bayan ɗaurin aure aka ce matan gidanmu su je gaida Malam. Na so in ce Ummi ba ta da lafiya, uwar mijina ta ce, "Taso, Soja. Ke za ki shige gaba."

Na durƙusa can nesa, na rufe fuska. Malam dattijo ne mai sanyin magana. Ya amsa gaisuwar kowa, sannan ya ce, "Ina ɗiyar tawa mai tsaron hanya?" Mata suka fara tuntsira dariya cikin mayafi. Ya ce, "Ɗiyata, na gode miki. Na daɗe nika jin wani abu yana kuka ɗakin yaron ga in ya zo hutu. Har tofi na yi wa ɗakin." Sai kuma ya daina murmushi. Ya ce, "Amma ki riƙe wannan. Da sun kashe shi, ba kunya za ki zo ji nan ba."

Wannan maganar ta fi gorar da aka buga wa ɗansa zafi, kuma gaskiya ce. Jitar dai bai fasa ta ba. Ya ce a fitar masa da ita daga gida, ta koma ɗakin abokan, kuma kada ya ji ta lokacin salla.

Tun daga ranar sai idona ya buɗe da su. Na ga ɗaya rataye a shagon mai aski a Tambuwal, na ga wani ya goya tasa a babur kamar jariri. Ashe sun cika gari, ni ce ban sani ba. Tsoro kam bai bar ni ba, har gobe in na shiga mota sai na ƙare wa kayan kowa kallo. Abin da na koya shi ne, kunyar tambaya ɗaya ta fi sauƙi a kan ihu ɗaya. Yanzu in abu ya dame ni sai in daure in ce wa direba ya tambaya mini, ko a ce na cika surutu.

Kwanan nan ƙanena ya shigo gidana yana waige-waige, da wani abu a bayansa. Ya ce, "Yaya, don Allah ki ajiye mini wannan ƙarƙashin gadonki, kada Baba ya gani."

Na dube shi, na dubi dogon wuyan da ke leƙowa ta bayan kafaɗarsa. Na ce, "Kawo. Amma in za ka fita da ita, ka riƙe ta a fili kowa ya gani. In ka kuskura ka sa ta a buhu, akwai irina a kowace mota."